Girgizar Ƙasar Turkiyya: Jaje, Gudummawa Da Lissafin Da Ya Rage Wa 'Yan Kasuwa

JALINGO: Daga garin Kona da ke gefen Jalingo zuwa birnin Antakya na ƙasar Turkiyya tafiya ce ta dubban kilomitoci, amma duk wanda ya zaga shagunan darduma da na tufafi a babban birnin Jihar Taraba ya san cewa ciniki ya daɗe da rage wannan nisa. Saboda haka bala'in da ya auka wa Turkiyya da Siriya a shekarar 2023, da irin gudummawar da duniya ta kai musu, abu ne da ya kamata 'yan kasuwarmu su yi wa karatun ta-natsu.

Idan dai ba a manta ba, da asubahin ranar 6 ga watan Fabrairu na 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta auku a kudancin Turkiyya, sa'an nan wata mai maki 7.5 ta biyo baya kimanin sa'o'i tara bayan ta farko. Mutane fiye da 50,000 suka rasa rayukansu a Turkiyya kaɗai, ban da dubbai a Siriya. Larduna 11 abin ya shafa, inda kimanin mutum miliyan 14 ke zaune. Daga cikin waɗanda suka rasu har da ɗan wasan ƙwallon ƙafa na Ghana, Christian Atsu, wanda gini ya rufta masa a lardin Hatay.

Yankin kuwa cibiyar masana'antu ne. Gaziantep ta yi suna a duniya wajen saƙar darduma ta inji, Kahramanmaraş kuma wajen zare da yadi. Tashar jiragen ruwa ta Iskenderun, wadda ake fitar da kaya ta cikinta, ta kama da wuta bayan da kwantenoni suka kife, aka shafe kwanaki ana fama da gobarar. Ke nan asarar ta tashi daga kan masu gidaje ta kai ga duk ɗan kasuwar da ya biya kuɗin kaya yana jiran isowarsu.

Ba a yi jinkirin jaje ba. Ƙasashe fiye da 100 suka yi tayin taimako. Girka, wadda ta daɗe tana takun-saƙa da Turkiyya, tana cikin na farko da suka aika da masu ceto, kamar yadda ƙasashen biyu suka taimaki juna a girgizar 1999. An kuma buɗe iyakar Armeniya da Turkiyya domin motocin agaji, a karo na farko cikin shekaru 35. Ita ma Nijeriya ba a bar ta a baya ba: gwamnatin Shugaba Muhammadu Buhari ta ba da dalar Amurka miliyan 1, wadda tawaga a ƙarƙashin Ministan Babban Birnin Tarayya na lokacin, Malam Muhammad Musa Bello, ta kai wa hukumomin Turkiyya.

Sai dai idan aka ɗora gudummawa a kan ma'auni ɗaya da asara, lissafin yana da ban tsoro. Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar gine-gine da kayan more rayuwa kai tsaye a kan dala biliyan 34.2, yayin da gwamnatin Turkiyya ta ce jimillar asarar da kuɗin sake gini sun kai dala biliyan 103.6. A taron masu ba da agaji da aka yi a birnin Brussels ran 20 ga watan Maris na 2023, an yi alkawarin yuro biliyan 7 domin ƙasashen biyu, kuma wani kaso na abin da aka ware wa Turkiyya rance ne da za a biya. Wato duk da ɗimbin tausayin da duniya ta nuna, mafi yawan nauyin ya koma wuyan baitulmalin ƙasar da aljihun 'yan ƙasa.

Har ila yau, agaji yana bin hanyar da siyasa ta share masa. A arewa maso yammacin Siriya, inda yaƙi ya riga ya ɗaiɗaita jama'a, mashiga ɗaya ce tak, ta Bab al-Hawa, Majalisar Ɗinkin Duniya ke da iznin bi da kayan agaji a wancan lokaci. Ayarin farko bai shiga ba sai bayan kwana uku, kuma sai da mako guda ya cika kafin a amince da ƙarin mashigai biyu. Ga wanda ke ƙarƙashin ɓaraguzai, waɗannan kwanaki su ne tsakanin rai da mutuwa.

To, wa ke cike giɓin da agaji ya bari? A nan ne batun inshora ya shigo. Bayan girgizar Izmit ta 1999, Turkiyya ta kafa asusun inshorar girgizar ƙasa na dole, wanda aka fi sani da DASK, a shekarar 2000. Duk da haka, abin da kamfanonin inshora suka ɗauka na asarar 2023 bai wuce kimanin dala biliyan 6 ba. Idan haka lamarin yake a ƙasar da ta shafe shekaru fiye da 20 tana tilasta inshora, ina ga Nijeriya, inda kuɗin da ake zubawa a inshora bai kai kashi 1 cikin 100 na tattalin arzikin ƙasa ba?

Wani zai ce Nijeriya ba ƙasar girgiza ba ce. Gaskiya ne ba mu kan bakin manyan tsagogin ƙasa, amma an ji motsin ƙasa a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016, da kuma Mpape ta Abuja a 2018. Mutanen Taraba kuwa suna da nasu abin tunawa. Ran 21 ga watan Agusta na 1986, tafkin Nyos da ke kan tsohon dutse mai aman wuta a Kamaru, ba nisa da iyakarmu, ya fitar da iskar da ta hallaka mutane fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500. Ƙasashen waje sun kai agaji, daga baya kuma aka kafa bututan zuƙe iskar daga 2001. Amma masana sun yi gargaɗin cewa idan bangon tafkin ya karye, ruwan zai bi kogin Katsina-Ala ya malalo Taraba da Binuwai.

Wannan gargaɗi ne ya haifi madatsar ruwa ta Kashimbila a Ƙaramar Hukumar Takum, wadda aka gina domin tare ambaliyar, aka kuma haɗa mata tashar lantarki mai ƙarfin megawat 40. Kuɗin da aka kashe kafin bala'i ya zama jari mai ba da wuta da ruwa, saɓanin kuɗin jaje da ke ƙarewa a tanti da bargo.

Irin wannan tunani ne ya dace da ɗan kasuwa, ko yana da rumbun hatsi a Kona ko shago a babbar kasuwar Jalingo. Na farko, kada ya rataya dukkan jarinsa a kan mai kawo kaya ɗaya ko tashar ruwa ɗaya. Na biyu, ya yi wa kayan da ke kan hanya da gininsa inshora. Wanda ke da shakku ta fuskar addini, akwai tsarin takaful da Hukumar Inshora ta Ƙasa, NAICOM, ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013. Na uku, kada ya rage siminti da rodi domin neman sauƙi, domin a Turkiyya gine-ginen da aka yi ba bisa ƙa'ida ba su ne suka fi cin rayuka, har aka gurfanar da 'yan kwangila da dama a gaban shari'a.

Gobara da ambaliya, waɗanda su ne girgizar kasuwanninmu, ba sa jawo taron Brussels. Idan suka auku, abin da ɗan kasuwa ya tanada shi zai tashe shi. Hausawa dai sun ce idan ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.