Ciwon Zuciyar Masu Jego: Abin Da Bincike Ya Gano

Daga Gidan Katta a ƙasar Illela zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce ta kimanin kilomita 80. Ga mai lafiya wannan ba wata tafiya ba ce. Amma ga mai jegon da ruwa ya fara taruwa a huhunta da tsakar dare, tana haki, ta kasa kwanciya sai a zaune, tafiyar tana iya fin ƙarfin numfashinta.

Wannan ciwo, watau gazawar zuciya a ƙarshen goyon ciki ko a watannin da ke biye da haihuwa, ƙasar Hausa na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. Tun cikin shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry suka ba da rahotonsa daga Zariya, suka ɗora zargi a kan wankan jego, da kwanciya bisa gadon wuta, da kunun kanwa, domin gishirin kanwa yana tara ruwa a jiki har ya yi wa zuciya nauyi. A 2007 binciken Farfesa Simeon Isezuo a asibitin Sakkwato ya nuna ana samun ciwon sau ɗaya cikin haihuwa 102.

To, amma magana ta sake salo a 2020, sa'ad da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon nazarin mata 406 daga asibitoci 22 na Nijeriya. Ba su sami hujja mai ƙarfi a kan ruwan zafi ko kanwa ba. Abin da ya fito fili shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin aikin yi, da hawan jinin masu ciki. Kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda aka bi sawunsu ta rasu. Ashe dai tukunyar wanka ta daɗe tana ɗaukar laifin da talauci ke da kaso babba a cikinsa. Bugu da ƙari, an sami ƙarancin sinadarin seleniyam a jinin irin waɗannan mata, a Kano da kuma Yamai.

A 2024 kuma aka buga sakamakon wani gwaji a asibitocin Nijeriya, inda wata sabuwar na'urar sauraren ƙirji mai haɗe da kwamfuta ta ninka yawan masu raunin zuciya da ake ganowa cikin masu ciki da masu jego. Na'urar tana shiga aljihu, saboda haka a ganinmu ƙananan asibitocin bakin iyaka ne suka fi cancantar a fara kai ta.

Kafin ta iso, aikin yana hannun mazaje da ungozomai da malaman asibiti. Kumburin ƙafa, da tarin dare, da haki bayan ɗan aiki kaɗan, kada a ce gajiyar jego ce a jira arba'in. A kai mai jego asibitin Illela tun tana iya tafiya da ƙafarta, a auna jininta, a ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, sa'an nan a tura ta Sakkwato a ɗauki hoton zuciyarta.