Kwamfutar da Ta Kwanta Ta Ƙi Tashi

Shirinmu na yau na masu kwamfutar tebur ne, musamman wadda aka harhaɗa a nan Yamai: akwati daga wani shago a Babbar Kasuwa, kart mer daga wani, katin hoto na hannu da ya shigo ta tashar Lome, ekiran kuma wanda wani ofis ya gama da shi. Irinsu ne ke aiki a shagunan buga takardu, da wajen masu haɗa bidiyon biki, da ɗakunan ɗaliban Jami'ar Abdou Moumouni. Kuka biyu aka fi yi da su. Ka kunna, fanka na juyawa, fitila na ci, amma ekiran baƙi ƙirin. Ko kuma kwamfuta ta shiga barci, ka dawo ka motsa linzami, ka buga maɓallai, shiru.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau da yawa da an kai ta gyara, maganar farko ita ce sai an yi formataj, wato a share diski a sake sa Windows. Nan hotunan aure da kundin kammala karatu ke salwanta, bayan kwana biyu kuma ciwon ya dawo, domin tun farko ba a cikin Windows yake ba. A garin nan, a fara tuhumar waya, da ƙura, da zafi, da wuta.

Ku leƙa bayan akwatin. In an sa mata katin hoto, wurin cusa wayar ekiran biyu ne. Na sama, kusa da ramukan USB, na kart mer ne. Na ƙasa, wanda ke kwance, shi ne na katin, kuma can wayar za ta shiga. Akwai ma furosesan da ba sa fitar da hoto sam, kamar na Intel masu harafin F a ƙarshen lambarsu, irin i5-9400F, to ramin sama a wajensu ado ne kawai. Sannan a danna maɓallin ekiran a tabbatar yana kan mashigar da ta dace, HDMI ko VGA. Ƴar na'urar nan mai arha da ake haɗa tsohon ekiran na VGA da sabon kati, ta sha hana hoto dawowa bayan barci. A ari wata waya ko wani ekiran a gwada kafin a kashe ko dala.

In waya lafiya take, sai ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ba ya barin komai, kuma fankar akwati zuƙo iska take yi da duk abin da ke cikinta. A zare waya daga bango, a danne maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don ragowar wuta ta fita, a taɓa ƙarfen akwati da hannu, sannan a ciro sandunan RAM. A goge bakinsu mai ruwan zinariya da gom na ƴan makaranta, a hure ramin, a mayar har sai an ji ƙas. In biyu ne, a gwada ɗaya bayan ɗaya. Haka katin hoto. Kwamfutar da kullum agogonta ke komawa baya kuwa, ɗan batirin nan mai kama da kwabo ne ya mutu, CR2032, mai bolt 3, ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

Zafi shi ma da nasa. A Afrilu da Mayu Yamai kan haura digiri 40, furosesa kuma in ya doshi digiri 100 rage gudu yake yi ko ya kashe kansa don kada ya ƙone. In hoto na ɗaukewa ne sai aiki ya yi nauyi, a duba fanka, a sake man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya shi, a kuma ɗaga akwatin daga ƙasa.

(KIƊA)

To, mu zo kan barci, don nan ne aka fi wahala. Kwamfutocinmu da Faransanci suke, don haka za ku ga abu biyu: Veille da Veille prolongée. A Veille, duk aikin da ka buɗe yana riƙe ne a cikin RAM, RAM kuwa ba ta riƙe komai sai da wuta. Bambancin su biyun kamar na ɗan aike ne da ya haddace saƙo a ka, da wanda ya rubuta a takarda ya sa a aljihu. Veille prolongée ita ce mai takarda: tana rubuta komai a kan diski, ta mutu gaba ɗaya, in ka kunna ka tarar da aikinka inda ka bar shi, ko an ɗauke wuta sau goma.

Waɗanda suka tsara Veille sun yi ta ne da tunanin wutar da ba ta yankewa. Mu kuwa mun san halinmu. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi take isowa Yamai. A farkon Agustan 2023 aka yanke ta saboda takunkumin CEDEAO, ba a maido ba sai Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage matsalar, amma lokacin bazara har yanzu wuta na zuwa tana komawa. Shawarata ga duk mai kwamfutar tebur da ba shi da ondiler, na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta in an ɗauke: ya shiga Options d'alimentation ya fito da Veille prolongée, ya riƙa amfani da ita. A wuri guda kuma ya cire alamar da ke kan Démarrage rapide. Wannan tsari ya zo ne da Windows 8 a 2012, kuma yana sa kwamfuta ba ta mutuwa sosai in an kashe ta, sai ta tashi da matsalar jiya a jikinta.

Akwai kuma akwatin wuta na ciki, alimantasiyon. Nan masu harhaɗawa ke tsimin kuɗi, nan kuma bai kamata a yi tsimi ba. Lokacin barci wani siririn layi mai bolt 5 ne ke ciyar da RAM. In akwatin ya gaji da hawa da saukar wuta, kwamfuta za ta yi aiki lafiya da rana, ta kwanta, ta kasa tashi. Wanda ya zo daga Amurka kuma, a duba jan maɓallin bayansa kafin a jona: in yana kan 115 aka ba shi wutarmu ta 220, ƙonewa zai yi nan take. A mayar da shi 230.

In kwamfuta ta farka amma hoto bai zo ba, a danna Windows, Ctrl, Maj da B tare. Za a ji ƴar ƙara, katin hoto ya sake tashi. In hakan na yawan faruwa, a sauko da direban katin daga shafin NVIDIA ko AMD kai tsaye. Mai farkawa da kanta cikin dare kuwa, a buɗe Invite de commandes a rubuta powercfg, tazara, /lastwake, za ta faɗi wanda ya tashe ta. Galibi linzami ne ko katin intanet, sai a shiga Gestionnaire de périphériques a hana shi.

In duk an bi wannan ba a dace ba, a kai wa mai gyara, amma a roƙe shi ya fara kwafe takardu a wani diski, sannan ya gwada wani alimantasiyon da wata RAM a gabanka kafin ya taɓa Windows.