Kotson Ɗanƙwairo Bai Yi Shiru Ba: Waƙoƙin Da Jama'a Suka Fi So

Daga Wakilinmu, Minna

A ƙasashen Turawa akwai wata al'ada tsakanin makaɗan jita na zamani, watau masu kiɗan da suke kira rok. Sai ƙungiya ta yi tashe, ta watse, bayan shekaru kuma a ji sun shirya sun fita yawon wasa gari-gari. Haka 'yan ƙungiyar Eagles ta Amurka suka yi, sun rabu a 1980 suka sake haɗuwa a 1994. Haka kuma Oasis ta Ingila, wadda wa da ƙane ke jagoranta, ta watse a 2009 ta dawo a 2025. Abin lura shi ne duk inda suka sauka, tsofaffin waƙoƙin nan da aka tashi da su jama'a ke biyan kuɗi su ji, in an kawo sabuwa ma sai a yi ta haƙuri har ta wuce.

To, mu ma a ƙasar Hausa muna da irin wannan, sai dai namu ya fi nasu tushe, domin gadon gida ne. Misalin da ya fi kusa shi ne na jama'ar marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo Maradun, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 1991. Jagora ya tafi, amma 'ya'yansa da mutanen gidansa sun ci gaba da rataya kotso, ana gayyatarsu wajen naɗin sarauta da manyan bukukuwa, kuma abin da ake roƙonsu kullum shi ne waƙoƙin tsoho.

ME YA HAƊA MINNA DA WANNAN KIƊA?

Wani zai ce ina ruwan Minna, ƙasar Gwari, da kiɗan Zamfara? Amsa ita ce dangantakar ta daɗe. Daga 1967 zuwa 1976 Minna da Bakura da Maradun da Tsafe duk a jiha ɗaya suke, watau Jihar Arewa Maso Yamma mai hedkwata a Sakkwato, kafin Janar Murtala Muhammed ya yanke Jihar Neja. Sarautar Kwantagora kuwa Umaru Nagwamatse ne ya kafa ta, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma Suleja ta sarakunan Zazzau na dauri. Saboda haka fadojin wannan jiha sun san darajar makaɗin fada.

Bugu da ƙari, Minna mahaɗar jirgin ƙasa ce. Layin Baro zuwa Kano ya ratsa ta a 1911, na Ikko kuma ya zo ya haɗe da shi a nan a 1912. Yawancin iyayenmu da suka kafa zango a Sabon Badun da Shagamu da Agege ta wannan tasha suka bi, da shanu a tafiya, da goro a dawowa. Daga baya rediyo da kaset suka shiga cikin kaya, shirin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna ya zama wasiƙa tsakanin mai gadi a Ikko da iyalinsa a gida.

ASALIN GIDAN

Ɗanƙwairo mutumin ƙasar Bakura ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗin noma ne, a gindinsa kuma shi da wansa Abdu Kurna suka koyi sana'a. Masu tarihin waƙa sun ce laƙabin ya samo asali ne daga wani mutumin gidan mai suna Ƙwairo, mai zaƙin murya, da aka ji muryar yaro ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo. Bayan rasuwar uban, Kurna ya gaji ƙungiya, ƙanen yana mara masa baya, har lokaci ya yi da shi ma ya ja tasa jama'ar.

Ga dalilin da ya sa ƙungiyar ba ta mutu da mutuwar mai ita ba. A kiɗan fada irin na Sakkwato da Zamfara, jagora ba ya cinye waƙa shi kaɗai. Yakan ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, su yi ƙari, sa'an nan gaba ɗaya a koma gindin waƙa, kotso na bi da yatsu ba da gula ba. Wannan ba ya yiwuwa sai an zauna a gida an shirya waƙa an hardace ta. Watau kowane ɗan amshi ma'aji ne. Dubi bambanci da marigayi Dokta Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999. Shi 'yan amshinsa gindi kawai suke maimaitawa bisa kalangu, sauran magana daga kansa take fitowa nan take. Shi ya sa gadon Shata ya fi wuyar ɗauka, na Ɗanƙwairo kuwa an bar shi a bakin mutane da yawa.

WAƊANDA AKA FI ROƘA

In ka tara masu sha'awar kiɗan nan, ko a Minna ko a Mile 12, ka ce kowa ya faɗi gwanarsa, waƙar Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello ce za ta fara fitowa. Ita ce ta kai sunan Ɗanƙwairo ko'ina a Arewa, a zamanin da Sardauna ke Firimiya. Tun da aka kashe shi ran 15 ga Janairu 1966, waƙar ta tashi daga yabo ta koma ta'aziyya. Dattijo kan ji ta ya yi shiru, domin tana tuna masa lokacin da Arewa ke da uba guda.

Mai bi mata, wasu ma su ce mai gabanta, ita ce ta 'Yandoton Tsafe Aliyu, ubangidansa. Masana sun fi yaba wannan wajen gwaninta. A cikinta ne ake jin yadda yake ɗaga basarake da kirarin kakanni, sa'an nan ya juya kan abokan hamayya da zambo da habaici, ba ya kama suna amma duk fada ta san da wa ake. Yara na rawa da ita, manya na dariyar abin da yara ba su gane ba.

Akwai kuma ta Sarkin Daura Alhaji Muhammadu Bashar, wanda ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, da ta Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, wanda ya hau a 1963 ya rasu a 2014. Fatake da 'yan kasuwa sun fi son waɗannan, kowa na jan ta garinsu. Har ila yau ba a manta da wadda ya yi ba lokacin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Buhari a 1984, wadda gidajen rediyo suka yi ta sawa.

Amma fa waƙoƙin noma su ne tushen gida, su ne kuma suka fi taɓa zuciya a yau. An yi su ne don a zuga ƙato ya duƙa da fartanya ranar gayya. Yanzu kuwa 'yan bindiga sun hana noma a ƙauyuka da yawa na Maradun da Tsafe, haka nan a Shiroro da Rafi a Jihar Neja. Samari da dama da ke tura baro ko haya da babur a Kudu 'ya'yan waɗannan gonaki ne. Wanda ya baro gonar ubansa ba da son ransa ba, shi ya san abin da yake ji in an kaɗa wannan kiɗa.

HAƘƘIN MAGADA

Nan ne maganar ta zo kanmu. A da sarki ke riƙe makaɗinsa, ya ba shi doki da riga da hatsi. Yau waƙar tana cikin kowace waya, ana tura ta kyauta, ana sa ta a lasifika ranar biki, magada ba su ga ko kwabo ba. Alhali dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta kare waƙa har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, watau ta Ɗanƙwairo na da kariya har ƙarshen 2061. In sana'a ba ta ciyar da mai ita, yaro ba zai zauna ya hardace waƙa mai tsawo ba, zai nemi abin yi. Ranar da ɗan amshi na ƙarshe ya kwanta dama, abin da ba a ɗauka a faifai ba ya tafi ke nan. Malamai irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero sun yi ƙoƙarin rubuta tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, amma takarda ba ta kaɗa kotso.

Saboda haka muna kira ga sarakunan Hausawa na Kudu, da shugabannin kasuwannin shanu da na goro da na gwari, in za a yi naɗi ko hawan salla ko auren 'ya'ya, a tuna da gidajen kiɗan gado, na Ɗanƙwairo da na sauran irinsa. A gayyace su, a biya su kuɗin mota da masauki, a sallame su da mutunci kamar yadda iyayenmu suka saba. Yaran da aka haifa a Agege, waɗanda Yarbanci ya fi Hausa sauƙi a bakinsu, su ga kotso da idonsu, su ji yadda mutum shida ke magana da murya ɗaya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah ya jiƙan Alhaji Musa Ɗanƙwairo, ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.