Cikon Bayan Matan Turai: Abin da Ya Tabbata da Abin da Aka Ƙara wa Gishiri

Ɗiyar wana, wadda ke koyon ɗinki, ta turo mini wani hoto a waya da daddare. An raba shi gida biyu. A hagu zanen wata baƙar mace ce, an zana ta ta gefe, kusan tsirara. A dama kuwa wata Baturiya ce ta zamanin da cikin doguwar riga, bayanta ya turo kamar an ɗaura mata kwando a ƙugu. A ƙasa an rubuta cewa Turawa sun yi wa 'yar Afirka dariya, daga baya suka zagayo suka saci surarta. Sai ta biyo da tambaya: "Gwaggo, da gaske ne?" Na jima ban ba ta amsa ba, domin a cikin hoton nan akwai gaskiya mai ɗaci, akwai kuma kayan da aka ɗora wa gaskiyar waɗanda ba nata ba.

Abin da Baturiyar ta ɗaura a ƙarƙashin riga shi Ingilishi ke kira basul, Faransawa su ce tunur. Mu kira shi cikon baya. Wani lokaci matashi ne, wani lokaci ƙwarangwal na siraran ƙarafa, ana ɗaura shi a ƙugu ta baya domin ya ɗaga siket ya turo shi waje. Ya yi tashe sau biyu a ƙarni na 19: daga wajen 1869 zuwa 1876, sannan daga 1883 zuwa wajen 1889. Wannan kaɗai ya isa ya gyara kuskuren masu cewa haka matan Ingila suka yi ta yawo duk zamanin Sarauniya Biktoriya. Ita ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901, kusan shekara 64, cikon baya kuwa ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan lokaci bai cika ba.

Matar da ke hagu ita ce Sara Batman, 'yar ƙabilar Khoikhoi daga gabashin yankin Kef na Afirka ta Kudu. Duk abin da ake faɗa game da wulaƙancin da aka yi mata gaskiya ne, har ma bai kai ba. A 1810 aka kai ta Landan, aka riƙa tsayar da ita a wani ɗaki a titin Pikadili, mutane na biyan sulai biyu su kalli jikinta. Masu yaƙi da bauta sun kai maganar kotu a wannan shekarar, amma ba a raba ta da masu riƙe da ita ba. A 1814 aka wuce da ita Paris, ta rasu a can a watan Disamba na 1815. Mutuwa ma ba ta raba ta da idon jama'a ba. Masanin halittu Joj Kubiye ya feɗe gawarta, ya adana wasu sassan jikinta, aka baje ƙasusuwanta da gunkin surarta a gidan tarihi na Paris har cikin shekarun 1970. Nelson Mandela ya nemi a dawo da ita gida, Faransa ta yi ta jan ƙafa, sai a 2002 aka yi doka ta musamman aka mayar da ita. An binne ta a garin Hanki ranar 9 ga Agusta, 2002, ranar mata ta ƙasarta. Duk lokacin da na karanta wannan tarihi sai raina ya ɓaci, kuma ban ga dalilin da zai sa wani ɗan Afirka ya karanta shi ba tare da ɓacin rai ba.

Amma cewa don a kwaikwayi jikinta aka ƙirƙiro cikon baya, wannan magana ba ta tsaya da ƙafarta ba. A duba shekarun. Tsakanin rasuwarta da tashen cikon baya akwai fiye da shekara 50. Sannan a waiwaya baya: tun ƙarshen ƙarni na 16, zamanin Sarauniya Elizabet ta Farko, matan Turai na ɗaura wani gammo mai siffar jinjirin wata a ƙugu domin siket ya buɗe. A shekarun 1770 da 1780 an yi yayin cikon baya na ɓawon itacen nan marar nauyi da ake toshe bakin kwalba da shi. Abin ya yaɗu har masu zanen barkwanci suka sa shi gaba. Akwai wani sanannen zane da aka buga a Landan a 1785, yana nuna shagon da ake sayar da irin wannan ciko, mata na gwadawa. Shekara 25 ke nan kafin Sara Batman ta taka ƙasar Ingila. Abin da ya riga mutum zuwa gari ba a ce daga gare shi aka kwaikwaya ba.

Akwai masana da marubuta masu cewa ko da ba a kwaikwaye ta kai tsaye ba, yadda Turawan wancan ƙarni suka ƙwallafa rai a kan jikin baƙar mace, suna raina shi suna kuma sha'awarsa, ya shiga cikin yadda suke kallon wannan yayi. Ina girmama wannan fahimta, domin akwai abin dubawa a cikinta. Sai dai fassara ce ta al'ada da tunanin mutane, ba labarin yadda aka ƙera abu ba. Masu yaɗa hoton ba sa kawo wasiƙar wani tela, ko tallar wata mujalla, ko takardar rajistar wani maƙeri da ta ambaci sunanta. Abin da ke damuna shi ne, idan muka jingina zaluncin da aka yi mata da hujjar da ɗan makaranta zai iya rushewa, ranar da aka rushe hujjar sai a raina har gaskiyar da ke gefenta.

To daga ina abin ya fito? Daga matsalar tela. A 1856 aka fito da kirinolin, wani ƙwarangwal na zobban ƙarfe mai kama da akurkin kaji, mace ta shiga ciki siket ya buɗe ta ko'ina. Ya raba mata da tarin siket-siket na ciki da suke jibgawa a da. Zuwa tsakiyar shekarun 1860 siffarsa ta fara sauyawa, gaba ya lafe, faɗin ya koma baya. Da akurkin ya ƙanƙance, sai ga yadi mai yawa ba shi da abin da zai hau. Teloli suka riƙa tattaro shi suna naɗe shi a baya, nauyin ya taru wuri guda yana jan riga ƙasa, dole a sa masa abin da zai tallafe shi. Ko'ina aka bi hotuna da mujallun ɗinki na waɗannan shekaru ana ganin sauyin daki-daki. Wasu na cewa Cals Firedirik Wot ne ya ƙirƙiro shi, wato Ba'ingilishen telan nan da ya buɗe gidan ɗinki a Paris a 1858, ya riƙa yi wa matar Sarki Nafoliyon na Uku sutura. Ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa salon, amma ciko ya girme shi nesa ba kusa ba.

Tambaya ta biyu da ɗiyar tawa ta yi ita ce wadda kowa ke yi: ta yaya suke zama? Wai an ce mata a tsaye suke wuni. Wannan ƙarya ce, kuma duk wanda ya juya cikon baya ya ga cikinsa zai gane. Ɗauki irin wanda ake kira bindin jatan lande. Ƙyallen auduga ne, an ɗinka masa hanyoyi a kwance kamar gidan mazagi, jere daga ƙugu zuwa wajen gwiwa. A kowace hanya an zura siririn ƙarfe mai lanƙwasuwa, irin na tef ɗin awo na magina. Ta ciki, ɓangaren da ke kwanciya a jiki, akwai ƙyalle biyu masu huji da igiya kamar ta takalmi. In an ja igiyar, ƙarafan su ƙara gantsarewa, baya ya ƙara turowa. In an sassauta su lafe. Tunda ƙyalle ne kawai ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe, mace na zama sai su hau kan juna kamar zugazugin maƙera, tana miƙewa su zubo su koma yadda suke. A shekarun 1880 har an yi waɗanda aka ɗaure ƙarafansu a kan ƙusa guda a kowane gefe, suna naɗewa sama kamar rumfar keken jarirai. Ɗaya daga cikinsu an sa masa sunan 'yar wasan kwaikwayo Lili Lantiri don ya shiga kasuwa. Gaskiyar da ke cikin jita-jitar ita ce zaman yana da ladabinsa: a bakin kujera, a ɗan karkace, ba a jingina sosai.

Ba kowane ciko ne na ƙarfe ba. Akwai na gashin doki da aka saƙa aka tattara shi hawa-hawa, akwai na sarƙaƙƙiyar waya mai kama da raga wadda ake tallarta da cewa iska na ratsa ta, akwai ɗan matashi da aka cusa wa auduga ko gashin tsuntsu. A kan duk wanda aka ɗaura sai a ɗora siket na ciki mai tattara, don kada shatin ƙarfe ya fito a jikin riga. A tashe na biyu ma sau da yawa a jikin shafin siket ɗin ake ɗinka ƙarafan, a ɗaure bakinsu da igiyoyi ta ciki.

Batun nauyi kuwa, rabi gaskiya ne. Shi kansa cikon ba shi da wani nauyi. Rigar ce ke da shi, musamman a shekarun 1880 da aka koma ga karan-miski da ulu masu kauri, da duwatsun ado da geza. A 1881 wasu mata a Landan suka kafa ƙungiyar neman sutura mai ma'ana, cikin buƙatunsu har da cewa kayan cikin mace kada su wuce laba 7, wato kilo 3 da 'yan kai. In har wannan ne iyakar da suke roƙo, mai karatu ya ƙiyasta abin da ake ɗauka a lokacin. Labaran gobara da ake haɗawa da cikon baya kuma, akasarinsu na zamanin kirinolin ne, lokacin da faɗin siket kan kai bakin murhu mai shi ba ta sani ba.

Haka nan ba kayan matan attajirai kaɗai ba ne. Keken ɗinki ya riga ya shiga gidaje, kamfanin Butterick na sayar da takardun yanka tun 1863, masana'antu na fitar da ciko mai araha, marar hali kuma ta ɗinka matashinta da kanta. A zanen nan na Joj Sora na masu hutawa a bakin kogi ranar Lahadi, wanda ya yi tsakanin 1884 da 1886 kuma yake Cikago yanzu, matar da ke tsaye a dama riƙe da laima tana nuna siffar a ƙarshen ƙarfinta, baya ya miƙe kamar kantar ɗora kaya. Yayin ya kai har Japan, inda matan manya suka sa shi a zauren Rokumeikan da aka buɗe a Tokiyo a 1883.

Akwai kuma magana ɗaya mai kama da ƙarya alhali ta tabbata. A ƙarshen shekarun 1860 mata masu ciko da takalmi mai tsini sun riƙa tafiya a ɗan sunkuye, aka sa wa tafiyar suna sunkuyon Girka. Wajen 1870, leburorin da ke haƙa harsashin manyan gadoji a ƙarƙashin ruwa a Amurka suka riƙa fitowa a duƙe saboda ciwon da sauyin matsin iska ke haddasawa. Abokan aikinsu suka kwatanta su da waɗannan mata, sunan ya bi cutar, har yau da kalmar lanƙwasa ake kiranta da Ingilishi.

Zuwa 1889 cikon ya fara ƙanƙancewa, ya koma ɗan matashi kamar tafin hannu, ado ya tashi daga baya ya koma hannun riga. Sunan dai ya rage a bakin masu ɗinkin kayan amare, suna kiran ɗage jelar riga a maƙale ta a baya da shi. Da na gama yi wa ɗiyar tawa bayani, ta ce ai ko makon jiya ta ɗinka 'yan maɓallai uku a bayan rigar wata amarya, don a ɗage jelar idan an tashi shiga fili. Ta tambaye ni yadda ake rubuta sunan Sara Batman, ta ce tana son ta karanta labarinta tun daga farko.