Abin da Bai Canja ba, Don Me Za a Sake Gwada Shi?

Daga Wakilinmu na Arewa

Duk mai aika kuɗi gida ta wayar hannu, daga Agege ne ko Sabon Badun ko Fatakwal, ya saba ganin manhajar banki tana neman a sabunta ta. To, kafin sabuwar ta iso hannunka sai an bi ta da gwaje-gwaje, watau waɗansu ƙananan manhajoji masu bincike: in an cire naira dubu biyar daga asusun wane, ta shiga asusun wane ba ragi ba ƙari? Da zarar injiniya ya taɓa rubutun manhaja, kwamfuta da kanta za ta harhaɗa ta, ta bi gwaje-gwajen nan ɗaya bayan ɗaya.

A manyan kamfanoni gwaje-gwajen sun kai dubbai, ana kuwa taɓa rubutu dare da rana. In aka ce kowane ɗan gyara sai an maimaita su duka, kuɗin lantarki da hayar na'urori za su yi yawa, ma'aikata su zauna zaman jira. Wanda ya gaji da jira kuwa, shi ne kan soma tsallake gwaji.

Tun 1976 wani ma'aikacin Bell Labs a Amurka, Stuart Feldman, ya ƙirƙiro manhajar Make. Dabararta ita ce duba lokaci: in sashen rubutu bai canja ba tun harhaɗawar ƙarshe, a bar shi, a sake wanda aka taɓa da duk abin da ya dogara da shi. Sai dai lokaci na iya ruɗi, domin akan buɗe rubutu a sake ajiye shi ba a canja ko harafi ba.

Manhajar Bazel, wadda kamfanin Google ya sake wa jama'a a 2015, abin da ke ciki take dubawa. Takan haɗa rubutun da gwajin da kayan aikin duka, ta yi lissafi ta fitar da wata lamba mai kama da hatimi. Harafi ɗaya ya canja, lambar ta canja. In ta zo daidai da ta jiya, sai a ɗauko sakamakon jiya, ko da a na'urar abokin aiki aka yi gwajin. Fataken wake sun san irin wannan: buhun da aka auna aka ɗinke a Dawanau, in ya iso Mile 12 da ɗinkinsa da alamarsa, ba kowa ke sake kwance shi ba.

A nan kuma haɗarin yake, kuma a ganina shi ya fi cancanta a kula da shi. Hatimin bai san komai ba sai abin da aka lissafa masa. In gwajin ya dogara da wani abu da aka manta ba a rubuta ba, kamar kwanan wata ko wani fayil na gefe, abin zai canja lambar tana nan yadda take, na'ura ta ce lafiya lau alhali ba ta gwada komai ba. Kuskuren da zai riƙe kuɗin mutum a hanya ta irin wannan ƙofa yake wucewa. Saboda haka Bazel kan killace gwaji, ta hana shi ganin duk fayil ɗin da ba a ambata ba, don mantuwar ta fito fili tun da wuri.

Kamfanin Facebook ya bi wata hanya. A 2018 injiniyoyinsa suka bayyana cewa sun koya wa kwamfuta ta duba tarihin gyare-gyaren baya, ta zaɓi gwaje-gwajen da suka fi yiwuwa su kama kuskure. Suka ce kuɗin gwaji ya ragu da rabi, kuma cikin gurɓatattun gyare-gyare dubu, wanda ke kuɓucewa bai kai ɗaya ba. Wannan ɗan ragowar kuwa sai a tare shi a wani zagayen gwaji da akan yi daga baya, kafin manhajar ta fita zuwa wayoyin jama'a.