Sha'ir a Lambun Alkahira

Sha'ir wani irin hatsi ne mai kama da alkama. A ƙasar Hausa ba a cika noma shi ba. A Masar kuwa tun zamanin Fir'auna ake shuka shi, ana yin gurasa da giya da shi. Amma ba kullum don ƙwaya ake shuka shi ba. Wani lokaci ɗanyen ganyen kaɗai ake so.

Alkahira gari ne mai ƙarancin ruwan sama. Abin da kan sauka a shekara kamar inci 1 ne. Duk tsiron da aka gani, da ruwan kogin Nilu yake rayuwa. To, sha'ir ya fi alkama jure ƙishi da ƙasa mai gishiri. Saboda haka mai lambu yana iya shuka shi maimakon ciyawa.

Ga yadda ake yi. A jiƙa irin ya kwana, a kafce ƙasa, a watsa shi da yawa, a rufe sama-sama, a ba shi ruwa. Bayan kamar kwana 7 sai ya tsiro, wuri ya yi kore shar. In ya kai taki guda sai a datse bakinsa, don kada ya fid da kai.

Amma fa sai an lura da lokaci. Sha'ir shukar sanyi ne, kamar alkamar da ake yi a fadamun Kano da hunturu. A Masar wajen watan Nuwamba ake shuka shi. Daga Maris zuwa Mayu wata iska mai zafi takan taso daga hamada, ana ce mata hamsin. Da zafi ya kama sai ganye ya bushe, ba ya kuwa sāke tohowa. Wanda ya makara ya yi hasarar iri da ruwa.

Mutanen dā sun san halinsa sarai. A shekarar 1905 aka buɗe kabarin wani babban mutum, Yuya, da matarsa Tuya, kusa da Luksor. A ciki aka tarar da wani abu kamar gado, an zuba ƙasa a kai cikin siffar gunkinsu Osiris, an shuka sha'ir. Ya tsiro, sa'an nan ya bushe. Aka kai kayan kabarin gidan ajiyar kayan tarihi na Alkahira. A ganinsu, yadda ƙwaya kan tashi bayan an binne ta, haka mamaci zai tashi.