Abin da ya kamata ku sani kan yi wa ’yan mata magana game da ƙawaye da samari

A yawancin gidajen Tudun Wada, Unguwar Rimi, Kawo ko Badarawa da ke garin Kaduna, abin da uwa ke gaya wa ’yarta da ta fara tasawa bai wuce "ki kama kanki" ba. Nasiha ce mai kyau, sai dai gargaɗi ce kawai. Yarinya ’yar shekara 13 ba ta san yadda yaudara ke fara sallama ba, balle ta gane ta tun daga bakin ƙofa.

A da, zance a idon jama’a ake yin sa. Saurayi zai tsaya a ƙofar gida ko a soro, ya aika yaro ya yi sallama da budurwa, ƙannenta na kai da komo, maƙwabta na gani. In ya daɗe yana zuwa, a ce masa ya turo magabatansa. Kuma abin da kunya ta hana uwa faɗa, musamman ga ’yar fari, gwaggo ko kaka ko yayar da ta yi aure ke faɗa. Yau zancen ya koma cikin waya, a WhatsApp da TikTok, da tsakar dare. Gwaggon tana wata unguwa, kakar tana ƙauye. Kunyar uwa kuwa tana nan yadda take.

Daga ƙawaye ya kamata a fara, domin sau da yawa ta hannunsu saurayi ke shigowa. Ƙawa ce ke ba da lamba, ita ke kawo saƙo, ita ke cewa "zo ki raka ni, yanzu za mu dawo." A koya wa yarinya ta lura da wadda ke mata gorin sutura ko waya, wadda ke sa ta yi wa iyayenta ƙarya, da wadda ke kwashe sirrinta ta kai gaba. Ƙawar kirki ana iya ce mata a’a, gobe kuma a tafi Islamiyya tare. Wannan shi ne ma’aunin da za ta auna saurayi da shi nan gaba.

Shi saurayi, alamominsa ba ɓoyayyu ba ne. Mai niyyar alheri ba ya gudun a san shi a gida. Wanda ya ce "kada ki gaya wa kowa", ko ya nemi a haɗu a ɗakin abokinsa, ko ya ce ta tura masa hoton jikinta in da gaske tana son sa, ya riga ya bayyana kansa. Haka wanda ke bincika mata waya, yana raba ta da ƙawayenta, yana kiran hakan kishi. Batun hoto a nanata shi: da zarar ya bar wayarta ya fita daga ikonta, kuma da shi ake yi wa yara barazana har su yi abin da ba su so. Sannan a bambance mata toshi da aka kawo a fili, gida ya sani, da kati ko data ko sabuwar waya da aka ba ta a ɓoye. Kyautar ɓoye bashi ce, mai ita zai dawo karɓa. Yarinyar da ke talla ta fi kowa bukatar jin wannan, domin mai sayen kayanta duka a tashi ɗaya ba kullum tausayi ne ya kawo shi ba.

A sanar da ita kuma cewa tana da haƙƙin ƙi. Musulunci ya ce a nemi izinin budurwa kafin a aurar da ita. Wadda aka girmama yardarta a babban al’amari irin wannan, babu wani da ke da ikon taɓa ta, ko malami ne, ko ɗan uwa, ko maƙwabci.

Makarantu sun fara ɗaukar wani ɓangare na aikin. Shirin AGILE, da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, ya haɗa da Kaduna cikin jihohi bakwai na farko, kuma a cikinsa akwai zaman koyar da dabarun rayuwa ga ’yan matan sakandare, inda mace ke jagorantar ƙaramin rukuni. Cibiyar Centre for Girls’ Education ta Zariya ta daɗe tana irin wannan zama a ƙauyuka, da yardar iyaye da malamai. Wasu iyayen na tsoron kada a buɗe wa yara ido. Ni a ganina wayar ta riga ta buɗe shi. Abin da ya rage shi ne wa zai yi mata bayani, mai ƙaunarta ko mai neman cutar da ita.

In kuma abu ya riga ya faru, kada a rufe don gudun abin kunya. Jihar Kaduna na da dokar kare yara ta 2018, kuma a Satumban 2020 ta tsananta hukuncin fyaɗe, har da dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yarinyar da ba ta kai shekara 14 ba. Akwai cibiyar Salama a Asibitin Yusuf Ɗantsoho da ke Tudun Wada, wadda ke kula da waɗanda aka ci zarafinsu. A hanzarta, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi.

Duk wannan ba zai yi aiki ba in yarinya ta san cewa ranar da ta buɗe baki duka za ta sha, a ƙwace waya, a cire ta daga makaranta. Masu cutar da yara da wannan tsoron suke dogaro. Iyaye mata, in nauyin maganar ya fi ƙarfinku, ku zaɓi ƙanwarku ko malamar da kuka amince da ita, ku gaya wa ’yarku a fili cewa ta je wurinta da kowace irin magana. Iyaye maza, ku ma ku zaunar da ’ya’yanku maza ku yi musu tasu maganar.